Kwabon da Na Goge a Ulaisha

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin yadda na bar Malumfashi ba, domin bai bambanta da na sauran masu barin gida ba. Abin da ya kamata a sani shi ne, na sauka Riyad da shaidar digiri a kan harshen Hausa, da ɗan Larabcin da na samo a Islamiyya, da kuma alkawarin wani dillali cewa kujerar tafinta tana jirana a wani ofishi a unguwar Ulaya, inda dogayen benaye suke. Ulaya kam na gan ta, ta gilashin mota, a kan hanyarmu ta wucewa.

Zangon Utaiƙa

Motar ba ta tsaya ba sai a Utaiƙa, bayan kasuwar kayan marmari. A nan na karanta sana'ar da aka rubuta a kan iƙamata, wato katin izinin zama: lebura. Kafilina, mutumin da zamana a ƙasar ya rataya a kan sunansa, rumbun ajiyar albasa da dankali gare shi. Na miƙa masa takardar ɗaukar aiki da dillali ya ba ni, mai tambari da sa hannu. Ya juya ta gaba da baya, ya ce bai taɓa jin sunan ofishin ba. Bai yi mini dariya ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka. Buhuna kawai ya nuna mini.

Na yi dako har kafaɗuna suka yi kanta. Da rana iskar garin takan bugi fuska kamar an buɗe bakin tanderu. Duk da haka kunnena ya fi kafaɗata shan wahala. Muna da yawa a ɗaki ɗaya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, kuma Hausarsu ta daɗe da gauraya da Larabcin titi. Sai ka ji mutum ya ce, "Yalla mu tafi shugul," ko kuma, "Mudir ya ce mafi ijaza." Ni kuwa ba na iya yin shiru. Nakan ce aiki ake cewa ba shugul ba, hutu ake cewa ba ijaza ba. Ba a jima ba sunana Habibu ya ɓace, na koma Malam Ƙamus.

Wanda ya raɗa mini sunan shi ne Baba Sanda, direba, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe a Riyad har furfura ta same shi a can. Wata rana da na dawo ina tafiya a karkace, ya dube ni ya ce, "Malam Ƙamus, buhun albasa da ingantacciyar Hausa me ake ce masa?"

Na ce, "Buhun albasa."

Ya ce, "Ka gani? Digirin bai rage masa nauyi ba. Cire rigar in shafa maka man zafi."

Shi ne kuma mai tuƙa mana tuwo ranar Juma'a, da miyar kukar da yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa kamar zinariya. Ranar da na fara cin tuwon nan sai da na fita waje na tsaya, don kada a ga idanuna.

Idan na kira Inna ba na ce mata ina ofis, ba na kuma ce mata ina dako. Ita ma ba ta tambaya. Labarin gida take ba ni, musamman na tasoshinta na jan ƙarfe da ta gada daga mahaifiyarta. Tun ina yaro, duk gabanin Salla takan jiƙa tsamiya, ta tankaɗe toka, ta zaunar da mu mu goge tasoshin nan har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. A gidanmu, kore a jikin jan ƙarfe abin kunya ne, shaida ce cewa masu gidan ba su da kula. Da wannan tarbiyya na tashi, ban kuma taɓa zaton akwai inda ba haka abin yake ba.

Ana cikin haka kafilina ya ce zai rufe rumbun. Iƙamata kuma ta kusa ƙarewa. Ya gaya mini gaskiya: in na sami wanda zai karɓi kafalata kafin ta ƙare, zai sake ni ba tare da matsala ba. In ban samu ba, zai buga mini takardar fita ta ƙarshe, in koma gida kamar yadda na zo.

Baba Sanda ya yi kwanaki bai tsokane ni ba. Daga baya ya ce, "Tsohon da nake tuƙawa yana neman idanu."

Na ce, "Idanu kamar yaya?"

Ya ce, "Nasa sun gaji. Yana son yaro mai karatu, mai natsuwa, wanda ba ya sata. Na ce masa ina da wani wanda ko dariya ba ya yi. Kada ka ba ni kunya."

Zangon Ulaisha

Gidan tsoho ne, a wani lungu a Ulaisha. Mai gidan, Abu Salihu, injiniyan ruwa ne da ya yi ritaya, dogo, siriri, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya ta kuma kama ɗayan. Larabci yake yi mini a hankali, saboda haka duk maganarsa da zan kawo a nan fassarata ce.

Ya hau da ni wani ɗaki a sama. Bangon duka kabad ne na katako mai ƙananan durowoyi marasa zurfi. A kan tebur akwai ƙaramin sikeli, da gilashin ƙara girma, da fitila mai lanƙwasa. Ya jawo durowa ɗaya, sai ga tsofaffin kwabban ƙasar Sin a jere, kowanne a gurbinsa: masu da'ira, da huji mai kusurwa huɗu a tsakiya, da rubutu kewaye da hujin. Suka tuna mini da kwabo mai huji da kakata take ajiyewa a cikin gwangwanin allura. Ya ce waɗannan ba buga su aka yi ba, narka ƙarfe aka yi aka zuba a cikin yashi, kuma a igiya ake zura su a rataya a kugu.

A tsakiyar tebur akwai faranti lulluɓe da baƙin ƙyalle. Ya yaye. Kwabbai ne iri ɗaya a kewaye, da guda ɗaya a tsakiya a kan ɗan matashi. Ya lalubo na tsakiyar, ya miƙo mini tare da gilashin, ya ce in duba bayansa in gaya masa abin da na gani.

Na duba. A gefen hujin, cikin dauɗa, sai na ga haruffan da na sani. Na ce, "Alif, ƙaf, sin, wawu. Aƙsu."

Ya yi murmushi, ya ce, "Sunan garin da aka zuba shi ke nan, a yammacin Sin, ƙasar Musulmi. Jan ƙarfe ne zalla. Mahaifina yana sayar da yadi a Makka, wani alhaji daga can ya kwanta rashin lafiya a bakin shagonsa, ya yi jinyarsa har ya tashi. Ba su jin harshen juna. Da zai tafi ya ciro wannan daga wuyansa ya ba shi. Daga shi na fara tara sauran."

Na ce, "Na kewayen fa, ya ammi?" Haka ake kiran dattijo a can, wato baffana.

Ya ce, "Maƙaryata ne. Duk jabu."

Na yi mamaki, na tambaye shi dalilin da zai sa mutum ya ajiye jabu a ɗakinsa bayan ya san jabu ne.

Ya ce, "In na jefar da shi, wani zai tsinta, gobe ya koma kasuwa a sayar wa wani wawa irina na da. In na mayar wa mai shi, jibi zai sayar. Jabu in ya shigo ɗakin nan ya shigo kurkuku." Ya jawo wata durowa ta can ƙasa da aka shafa wa baƙin fenti. Cike take, kuma kowane kwabo a ciki an buga masa wani ɗan hatimi mai zurfi a fuska, yadda ba mai sake ruɗuwa da shi. Na farantin ne kaɗai bai buga wa ba, domin da su yake gwada idon masu zuwa koyo. Ya ce za a yi masa aikin ido a mako mai zuwa, in ya dawo zai fara koya mini yadda ake rarrabewa. In yi wata guda. In ya gamsu, ɗansa zai karɓi kafalata.

A kwanakin farko aikina shara ne, da karanta masa abin da ke rubuce a gurabun kwabbai. Kullum bayan La'asar yakan wanke hannu, ya zauna, ya ce, "Ba ni na Baba, ya waladi." Ya waladi, wato ɗana, haka yake kirana. In ɗauko na tsakiya, na mahaifinsa, in sa masa a tafi. Yakan daɗe yana shafa shi da ɗan yatsa. Ni kuwa duk lokacin da na ɗauko shi sai raina ya sosu. Launinsa ya yi duhu kamar hanta, kore ya cika tsakanin haruffan. Na ce a zuciyata, wannan bawan Allah idonsa bai ganin irin dauɗar da abin da ya fi ƙauna ya yi, kuma a gidan babu mai kula.

Da aka kai shi asibiti, aka ce daga can gidan ɗansa zai wuce ya huta 'yan kwanaki. Ya bar mini mukulli, ya ce in share, in kaɗe ƙura, kada in buɗe durowa. Farantin kuwa ba a durowa yake ba.

Na sayo tsamiya a wani shagon 'yan Sudan. Toka kuma na kwasa daga kaskon turaren gidan. Niyyata ita ce, in an buɗe masa ido, abin da zai fara gani ya zama kwabon mahaifinsa yana walƙiya. Na zauna a ƙasa kamar yadda muke zama gaban Inna, na fara da na kewaye. Ban sha wahala ba ko kaɗan. Korensu da ya ji ruwan tsamiya sai ya saki, yana ɓarewa kamar fenti, wani wari mai kama da na gam yana tashi. Ƙarfen da ke ƙasa ma ba ja ba ne sosai, fari-fari ne.

Na tsakiya ne ya ƙi. Na jiƙa shi, na cuɗa da toka, launin yana nan kamar da shi aka zuba ƙarfen. Na ce lallai wannan dauɗar ta shekara da shekaru ce. Na sauka kicin na ɗauko soson ƙarfe. Na goge shi har yatsuna suka yi zafi, na bi tsakanin haruffan da tsinke, ban bar shi ba sai da ya fito ja jawur kamar yau aka ƙera shi. Na tuna har hamdala na yi.

Da yamma Baba Sanda ya zo ɗaukar wa tsoho kayan sawa. Na ce ya hawo ya ga wani abu. Na yaye ƙyallen.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙamus, ka kashe mu."

Na ce, "Wanke su kawai na yi, Baba."

Ya ce, "Dauɗar ita ake saye! Shekara nawa ina kai tsohon nan kasuwa, ina ganinsa yana sansanar ta, yana sa mata allura? Ita ce shaidar shekarun abin. Kai da ka yi digiri ba a gaya maka ba?"

Na ce ba a gaya mini ba.

Ya ce, "To tashi. Kuka ba zai mayar ba. Na san shagon da ake samun irinsu."

Kasuwar tsofaffin kaya

Washegari da hantsi ya kai ni wata kasuwa a tsakiyar gari, inda ake sayar da tsofaffin takubba, da butocin gahawa, da dardumai. A hanya ya shimfiɗa mini shawararsa. Mu sayo masu kore, mu jera su yadda na da suke. Jabu ya maye gurbin jabu, ba wanda aka cuta. Na tsakiya kuwa mu zaɓi wanda ya fi duhu.

Na ce, "In aka buɗe idon fa?"

Ya ce, "Ɗansa ya gaya mini likita ya ce ko an yi aikin, inuwa-inuwa zai riƙa gani. Ka bar tsoho ya ƙarasa kwanansa da farin ciki, kai kuma ka sami iƙamarka. In ka faɗa masa, kai za ka koma Malumfashi, ni kuma da na kawo ka in rasa inda zan sa fuskata. Wa ya amfana?"

Har yanzu ba na jin Baba Sanda mugunta ce ta sa shi faɗin haka.

Mai shagon ya zazzage mana gwangwani guda a kan tebur, yana rantsuwa cewa daga kabarin wani sarki aka tono su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman alif da ƙaf da sin da wawu. Na samu, da yawa ma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowanne yana da wani ɗan tabo a gefen wawu, a wuri ɗaya, da siffa ɗaya. Muka saya muka fito.

Na jera su a faranti, na ɗora mafi duhu a kan matashin. Na ja da baya na duba. Wallahi babu abin da ya canza a idona. Baba Sanda ya ce in zuba waɗanda na goge a magudanar ruwa. Na ce to, amma na ƙulle na kewayen a leda na tura bayan kabad, na tsakiyar kuma na naɗe shi a hankici na sa a aljihun rigata. Kwanakin da suka biyo baya da shi nake salla, da shi nake kwana. Ɗan ƙaramin abu ne, amma ina jinsa a ƙirjina duk inda na juya.

Bayan La'asar

Abu Salihu ya dawo da bandeji a ido ɗaya da baƙin tabarau a kansa. Na riƙe hannunsa muka hau matakala. Ya tambaye ni ko na ci abinci, ko zafin ɗakin ya dame ni. Ya ce ɗansa ya tambaye shi yadda ya gan ni, ya ce masa yaron kirki ne.

Da aka sauko daga La'asar ya wanke hannu, ya zauna, ya buɗe tafinsa.

Ya ce, "Ba ni na Baba, ya waladi."

Na yaye ƙyallen. Na kai hannu har yatsana ya taɓa wanda ke kan matashin. Na dubi tafin nan nasa a buɗe, yana jira. Sai na ga shi gobe, da jibi, da sauran kwanakin da suka rage masa, yana shafa abin da aka zuba bara a bayan wani shago, yana tuna mahaifinsa, ni kuma ina tsaye a gefe ina kallo, da iƙamata a aljihu. Na janye hannun. Na ciro hankicin, na warware, na sa masa jan kwabon a tafi.

Yatsansa ya bi ta kai sau ɗaya ya tsaya.

Ya ce, "Wannan mene ne?"

Na gaya masa duka: tsamiya, toka, soson ƙarfe, tasoshin Inna, kasuwa, da abin da ke kan farantin a yanzu. Sunan Baba Sanda kaɗai na bari. Bai katse ni ba. Ya kai kwabon hancinsa, ya kai shi kunne kamar zai ji wani abu, sannan ya rufe hannunsa a kai. Na ga ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin tabarau, ta gefen da babu bandeji.

Ya ce, "Gumin alhajin nan yana jikinsa. Da na mahaifina. Da na mutanen da suka riƙe shi kafin a haifi kakan kakanka. Da soson tukunya ka cire."

Na ce, "Na'am, ya ammi."

Ya ce, "Ajiye mukullin. Tafi."

Na koma Utaiƙa a ƙafa, duk da nisan. Baba Sanda bai yi mini faɗa ba. Ya dai daina yi mini magana, ya daina ce mini Ƙamus, wanda ya fi faɗan ciwo. Ranar Juma'a ya tuƙa tuwo, ya turo mini kwanona da ƙafa ba tare da ya dube ni ba. Na fara haɗa kayana. Na kira Inna na ce mata wataƙila in zo gida kwanan nan. Ta ce Allah ya kawo ni lafiya, ba ta tambayi dalili ba.

Iƙamar saura kaɗan ta ƙare, wata safiya Baba Sanda ya tsaya a kaina da mukullin mota a hannu, ya ce, "Tashi. Tsohon yana nemanka. Kada ka tambaye ni, ni ma ban sani ba."

Bakin taga

Na iske shi an cire bandejin, yana zaune gaban farantin. Bai amsa gaisuwata da tsawo ba. Ya ce in zauna, in ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na sayo.

Ya ce, "Murza shi da babban yatsa har ya yi ɗumi. Sansana."

Na ce warin gam nake ji, da wani abu mai tsami.

Ya ce, "Na gaske warin komai ba ya yi, sai ƙarfe. Ɗauki allura ka soka a koren, a hankali, ka saki."

Allurar ta tsaya cak a tsaye. Ya ce a kan tsatsar gaske ba ta samun wurin kamawa, zamewa take yi ta faɗi, domin tsatsar daga cikin ƙarfen ta tsiro, ba shafa ta aka yi ba. Ya sa na zura ɗan yatsa a hujin. Gefensa yana da kaifi. Na gaske, in ji shi, igiya ta cinye kaifin tun da daɗewa. Ya sa na saki ɗaya a kan tebur, ya yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ce tsohon kwabo muryarsa a dushe take. Sannan na gaya masa zancen tabon da ke gefen wawu.

A karo na farko ya juyo da fuskarsa gare ni. Ya ce, "Ka ga wannan da kanka?"

Na ce, "Tun a shagon."

Ya ce, "Kwabo ɗaya na gaske suka danna a yashi suka zuba ɗaruruwa. Tabon uwar ne ya bi 'ya'yan. Shi ya sa ma suka ɗan fi ta ƙanƙanta, ƙarfe yana tsukewa in ya huce." Ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa Sanda cewa mai shagon ya cuce shi. Waɗannan ko a cikin jabu ƙananan jabu ne."

Ya miƙo mini guduma da ƙarfen hatimi. Ya ce in kawo har da waɗanda na ɓoye a bayan kabad, wai ya ji ƙarar leda da sandarsa. Na durƙusa a kan wani katako na buga musu hatimi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana karɓa yana shafa wurin da yatsa ya tabbatar ya shiga, yana jefawa a baƙar durowa. Wanda na ɗora a kan matashi shi ne na ƙarshe. Ina ɗaga guduma wayata ta yi ƙara a aljihu.

Ya ce, "Ɗana ne ya tura buƙatar kafala. Gama wannan tukuna, sannan ka amsa."

Na buga. Hatimin ya ɗan karkace. Da na amsa saƙon na kasa yin godiya yadda ya kamata, ni da nake taƙama da iya magana. Abin da ya fito daga bakina tambaya ce. Na ce, "Ya ammi, da na ba ka wancan, za ka gane?"

Ya ce, "Bara da tun kafin ya taɓa tafina zan gane. Bana ban sani ba. Shi ya sa nake neman idanu." Ya gyara tabaransa. "Kada ka ɗauka na yafe. Ban kai nan ba tukuna."

Bai mayar da jan kwabon kan matashi ba. Ya ce yanzu duk masanin da ya gan shi yana walƙiya haka zai ce jabu ne, ya wuce. Ya sa na ɗora shi a kan wani guntun katako a bakin taga, inda iska ke shiga amma rana ba ta kaiwa. Ya ce jan ƙarfe in an ƙyale shi yakan yi duhu da kansa, sai dai duhun da na cire ba shi ba, ba ni ba, ba wanda zai ga dawowarsa.

Ina nan a Ulaisha har yanzu. Na koyi sikeli, na koyi gilashi, baƙar durowa kuma ni nake riƙe da mukullinta. Baba Sanda ya koma kirana Ƙamus, ya ƙara da Mai Tsamiya. Na gaya wa Inna aikin da nake yi, da abin da na yi da tokar kasko. Ta ce ita dai har yanzu ba ta gane mutanen da ke son dauɗa ba, amma in gaishe da tsohon.

Abu Salihu ya daɗe bai sake ce mini ya waladi ba. Habib yake cewa. Aikina na farko kowace safiya, kafin shara, shi ne in sa safar hannu, in je bakin taga, in juya kwabon zuwa ɗaya fuskar. Shi kuma yana zaune a kujerarsa da kofin gahawa, sai ya tambaya.

"Ya fara duhu?"

Nakan kai shi gaban haske in duba da gaske, domin ya san in ban duba ba.

"Bai fara ba tukuna, ya ammi."

"To. Mayar da shi."